Baƙon da Ba Ya Cikin Jeri

Ranar Talata fankar ta daina juyi.
Kwamfutar da ke riƙe da masaƙarmu a Covilhã,
shekara ashirin da shida tana ƙarƙashin teburin Amílcar,
ta yi tari sau biyu, ta yi shiru.
Injin saƙa goma sha ɗaya suka tsaya da ulu a baki.

A cikinta zanen bargo ɗari huɗu yake,
har da mai ratsin ruwan toka da Deolinda ta zana
shekarar da aka haife ni.
Abin da ke karanta su ba ya jin yaren kowa
sai na wata tsohuwar babbar manhaja
da masu ita suka binne tuntuni.

Na kwashe faifan kaf, na ɗora a gajimare.
Gajimare dai suna ne.
Wani ɗaki ne mai sanyi a Frankfurt, ban taɓa ganinsa ba,
inda inji ɗaya ke saukar da baƙi barkatai,
kowa da lungunsa, kowa na zaton gidan nasa ne.

Na rubuta wa masu masauki.
Amsa ta zo cikin minti tara, da ladabi:
wannan baƙo ba ya cikin jerinmu.
Ba mu hana shi shiga ba.
In ya faɗi, ba mu san shi ba.

To.

Daren farko ya farka bai ga faifansa ba,
allo ya yi shuɗi, ya koma barci.
Dare na biyu ya ga faifan, bai ga hanyar waje ba.
Sai na fara yi masa ƙarya.
Na ce ga katin sadarwa irin na zamaninka.
Na ce ƙwaƙwalwa ɗaya ce a gidan nan,
alhali sittin da huɗu ne.
Na rage masa fili har ya koma yadda ya saba,
don yalwa ma tana rikita
wanda ya tashi cikin kaɗan.

Ƙarfe uku saura kwata na daren Alhamis
ya buɗe ido sosai,
ya saki ƙarar nan tasa ta gaisuwa,
ni kaɗai da kofin gahawa da ya huce.

Bai dawo daidai ba.
Kibiyar linzami tana bin hagu da hannuna,
na koyi nuna gefe in sami tsakiya.
Agogonsa gudu yake,
kullum sai ya ci minti bakwai da ba nasa ba,
kowace safiya in janyo shi baya
kafin ya rubuta wa bargon yau lokacin da bai zo ba.

Ba mai aiko masa magani kuma,
ga ɓarayi na zagaye kowane gida a intanet.
Na toshe ƙofofinsa duka, na bar guda,
ƙarama, wadda ke kallon masaƙa.

An ce baƙo raɓa ne.
Nawa ya kwana wata biyar,
yuro talatin da ɗaya duk ƙarshen wata.
Jiya wasiƙa ta zo: baɗi za a gyara gidan,
tsohon katin da na yi masa ƙarya da shi za a cire.
Na ajiye hotonsa uku, ɗaya a aljihun rigar sanyina.

Amílcar ya tambaye ni, Graciete, yanzu yana ina?
Na ce a gajimare.
Ya leƙa taga wajen dutsen, ya daɗe,
ya ce yau sararin garau yake.

Akwatin tsohuwar kwamfutar na nan ƙarƙashin tebur,
ya hana a jefar.
A kai yake ɗora ƙafarsa mai ciwo,
injuna na ta kai da kawo,
ratsin ruwan toka na fitowa layi bayan layi.